Surfani a kan takarda: tambayoyin da masu koyo suka fi yi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa daga bakin masu fara wannan aikin hannu. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, amma kowace amsa tana tsaye da ƙafarta. Ka karanta wadda ta dame ka, idan ta tura ka wata ka bi.

Mene ne surfani a kan takarda, kuma da me ya bambanta da na yadi?

Ado ne da ake yi da allura da zare a kan takarda mai kauri. Ana fara huda ƙananan kafofi bisa wani zane, sannan a bi su da zare har siffar ta fito. Da shi ake yin katin gaisuwa, alamar shafin littafi, bangon kundi, da hoton ratayewa a bango.

Bambancin guda ɗaya ne, amma komai a kansa yake rataye. Yadi saƙa ne, idan allura ta shiga sai zarurrukansa su matsa gefe, idan ta fita su koma mazauninsu. Takarda kuwa ba ta komawa. Duk inda allura ta taɓa ratsawa, kafar tana nan har abada. Mai surfani a yadi yana iya warware kuskure ya sake ba wanda ya sani, mai yi a takarda sai dai ya yi tunaninsa kafin ya huda. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya riƙe wannan, rabin amsoshin da ke ƙasa zai iya ba kansa.

Sabon yayi ne, ko ya daɗe?

Ya daɗe. A ƙarni na 19 ana sayar da kwali mai jerarrun kafofi a Ingila da Amurka, mata suna ɗinka rubutu da furanni a kai, suna yin alamar littafi da allunan bango. Abin ya fi tashe a shekarun 1870, kuma har yau ana yin irin wannan kwali, galibi mai kafa 14 a kowane inci. A Jamus, Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan Kindergarten a 1840, ya sa hudar takarda da ɗinki a kan kati cikin ayyukan da ake koya wa yara don hannunsu da idonsu su saba. Akwai kuma Mary Everest Boole, wadda labarinta ke cikin amsar da ta yi bayanin fitar da lanƙwasa daga miƙaƙƙun layuka.

Waɗanne kaya zan tanada kafin in fara?

Ba su da yawa: takarda mai kauri, zare, allurar ɗinki, abin huda, abin shimfiɗawa a ƙarƙashi lokacin huda, salatif, ƙaramin almakashi mai kaifin baki, fensir da rula. Akwai abin huda na musamman mai kama da biro, amma idan ka kafe gindin allura a cikin toshiyar kwalba ko cikin abin goge fensir, ka sami naka. Don shimfiɗa, soso mai ɗan tauri wanda kaurinsa ya kai santimita ɗaya ya wadatar, ko kwalin katan da aka ninka biyu. Ba a buƙatar zoben da ake ɗaure yadi a ciki, takarda da kanta take tsayawa.

Wace irin takarda ce ta dace?

Ka duba lambar nauyi da ke jikin fakiti, wadda ake rubuta gsm a bayanta, wato nauyin giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar yake. Takardar buga rubutu ta yau da kullum 80 ce, kuma ba ta jure jan zare. Abin da ya fi dacewa yana tsakanin 200 da 300. Ƙasa da haka tana yagewa tsakanin kafofi, sama da haka sosai kuma hannu zai gaji da huda, bakin kafar ma yakan tashi ya yi kaushi.

Idan da hali, takardar da masu zanen fentin ruwa ke amfani da ita, musamman wadda aka yi da auduga, ita ce zaɓina. Gashinta, wato ƙananan zarurrukan da aka haɗa ta da su, dogo ne, yana riƙe juna, don haka bakin kafa ba ya saurin tsagewa. Kwali mai sheƙi kuwa a yi hattara da shi: fatar samansa takan fashe a gefen kafa, farin ciki ya leƙo. Haka ma kwalin da launinsa a sama kawai yake. Ka yanki ɗan gefe ka duba, idan cikinsa fari ne alhali samansa shuɗi, kowace kafa za ta fito da farin baki.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne takardar inji tana da kwanciya. Ka ɗan tanƙwara ta a tsaye, ka sake tanƙwarawa a kwance, za ka ji ɓangare ɗaya ya fi laushi. Ta wannan ɓangaren take ninkuwa da kyau, ta nan kuma ta fi saurin yagewa. Idan dogon layin kafofi zai bi kwanciyar, ka ƙara masa tazara.

Wane zare da wace allura?

Zaren surfani na auduga mai sili shida shi ne aka fi amfani da shi. Irin na DMC, kamfanin da aka kafa a garin Mulhouse na Faransa a 1746, da na Anchor, suna zuwa ne a ƙulli mai tsawon mita 8, kowane launi da lambarsa. Baƙin DMC, alal misali, 310 ne. Ka riƙa rubuta lambar, domin idan zare ya ƙare a tsakiyar aiki da ita za ka sami abokinsa. Ba a ɗinki da silin shida gaba ɗaya a takarda sai idan kafofin manya ne. A raba, a ɗauki biyu, uku idan ana son layi ya fito sosai, ɗaya don aiki mai laushi. Murɗaɗɗen zaren auduga mai lamba 8 ko 12 shi ma yana da kyau, ba a raba shi. Zare mai ƙyalli kamar zinare yana haskawa ƙwarai a kan baƙin kwali, sai dai yana saurin tsefewa, don haka a yanka shi gajere.

Kowane irin allura da nasa jerin lamba, kuma lambar tana tafiya ne a juye: a cikin iri ɗaya, yadda lamba ta ƙaru haka allura ke sirancewa. Allurar surfani mai lamba 8 zuwa 10 ta isa ga sili ɗaya ko biyu. Wasu sun fi son allura mai dakusasshen baki, lamba 24 ko 26, tunda kafofin an riga an huda su, kuma ita ba ta ƙirƙiro sabuwar kafa idan hannu ya kuskure. Ƙa'idar ita ce allura da zarenta su wuce ba tare da an yi kokawa ba. Idan sai ka ja da ƙarfi, ko dai allurar ta yi kauri, ko kafar ta yi ƙanƙanta.

Yaya zan ɗora zane in huda shi?

Kada ka zana kai tsaye a kan kwalin da za ka ɗinka. Ka yi zanen a wata takarda marar kauri, ka ɗiga ɗigo a duk inda allura za ta shiga. Sai ka ɗora ta a fuskar kwalin, ka kama gefunan da salatif marar ƙarfin kamu, ka aza duka a kan soso. Idan salatif ɗinka mai ƙarfi ne, ka manna shi a jikin tufafinka sau biyu ka ɓamɓare kafin ka sa, kamunsa zai ragu, ba zai ɗaye fuskar kwali ba.

Ka riƙe abin hudar a tsaye cak, kada ya karkata, domin karkatacciyar kafa tana jan zare gefe. Ka huda daga fuska zuwa baya, saboda kaushin da ke tasowa ya koma bayan aiki inda ba a gani. Ka fara da kusurwoyi da ƙarshen layuka da wuraren da layuka suka haɗu, daga baya ka cike tsakani. Wannan yana hana ka isa kusurwa ka tarar tazarar ba ta raba daidai ba. Kafar da zare zai ratsa sau da yawa, kamar tsakiyar fure, a ɗan faɗaɗa ta fiye da sauran.

Kafin ka cire takardar zane, ka ɗaga su tare ka duba ta wajen haske. Duk ɗigon da bai haska ba, an tsallake shi. Wannan dubawar ba ta cin minti ɗaya, amma idan ka cire zanen sannan ka gane ka bar kafa uku, mayar da shi daidai inda yake aiki ne mai ban haushi. A ganina lokacin huda shi ne ainihin aikin. Ɗinkin da ke biyo baya, bin sawu ne kawai.

Wace tazara zan bari tsakanin kafofi?

A miƙaƙƙen layi, milimita 4 zuwa 5. A lanƙwasa a matso zuwa milimita 3, saboda kowane taku na zare miƙaƙƙe ne, idan ya yi tsawo da'ira za ta fito da kusurwoyi. Ƙasa da milimita 2 haɗari ne. Ka tuna da kan sarki da rasit: jerin kafofi na kusa da kusa shi ne dabarar da ake yi don takarda ta yage cikin sauƙi. Idan zanenka yana da ƙananan siffofi da ke tilasta cunkoson kafofi, ka ƙara girman zanen ko ka rage masa kwalliya. A bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin kafa ta ƙarshe da bakin takarda.

Ta yaya zan fara in kuma ƙare, tunda an ce ba a ƙulli?

Ƙulli yana yin tudu da ake ji ta fuska, wani lokaci kuma ya zurma ta kafar ya fito. Abin da ake yi shi ne a shigo da allura daga baya, a bar jela kamar santimita 2, a manne ta da ɗan guntun salatif. A kula kada salatif ɗin ya rufe wata kafa, domin idan allura ta ratsa shi za ta ɗebo danƙo ta shafa wa zare. Idan an gama, ko a manne jelar haka, ko a soka ta ƙarƙashin taku uku ko huɗu na baya a yanke. Tsawon zare a kowane zubi kada ya wuce santimita 40 zuwa 50. Dalilin yana cikin amsar da ke kan tsefewar zare.

Waɗanne irin ɗinki ne suke karɓar takarda?

Uban tafiya shi ne ɗinkin koma-baya: allura ta fito a kafa ta biyu, ta koma ta ɗaya, ta fito a ta uku, ta koma ta biyu. Yana ba da layi marar yankewa, da shi ake rubutu da zagaye siffa. Ɗinkin tsallake, wato shiga nan fita can, yana ba da layi mai gutsattsari, kuma idan aka juyo aka cike guraben da wani launi yana fitowa da kyau. Ɗinkin sarƙa da na giciye su ma ba su da matsala. Akwai kuma dogon taku da ke tashi daga kafa ɗaya ya bazu zuwa kafofi da yawa kamar mafici, wanda da shi ake yin ganye da fure. Wannan ma ya fi kyau a takarda fiye da yadi, domin takarda ba ta tattarewa a ƙarƙashin dogon zare.

Wanda ke ba da wahala shi ne ɗinkin cike, inda ake jera zare gefe da gefe har ya rufe fili. A yadi shi ne abin alfahari, a takarda kuwa yana neman kafofi a manne da juna, ka kuwa ga abin da aka faɗa kan tazara. Idan dole ne, a huda layi biyu a sassaɓe, kafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, sannan a ƙara yawan sili don zare ya rufe gurbin. Ƙullin Faransa, ɗan dunƙulen nan da ake yin idon tsuntsu da shi, yana yiwuwa idan aka huda kafa biyu kusa da juna, a fito ta ɗaya a koma ta ɗayar. Idan aka koma ta inda aka fito, ƙullin zai bi allura ya faɗa baya. Ɗan dutsen ado ƙarami yana iya maye gurbinsa.

Na ga zane masu lanƙwasa da aka ce duk da miƙaƙƙun layuka aka yi su. Yaya ake yi?

Wannan shi ne ɓangaren da na fi ƙauna. Mary Everest Boole, Baturiyar Ingila da ta rayu daga 1832 zuwa 1916, matar masanin lissafi George Boole, ita aka sani da amfani da wannan dabara wajen koya wa yara lissafin siffofi. Tana son yaro ya fara jin siffa a hannunsa kafin a gaya masa sunanta.

Ga yadda za ka gwada. Ka ja layi biyu da suka haɗu a kusurwa kamar harafin L, kowanne santimita 5. Ka huda kafa 10 a kowanne, tazarar milimita 5. A layin tsaye ka ƙirga 1 zuwa 10 daga sama zuwa kusurwa, a na kwance ka ƙirga 1 zuwa 10 daga kusurwa zuwa waje. Sai ka haɗa 1 da 1, 2 da 2, har 10 da 10. Babu zare ko ɗaya da ya tanƙwara, amma kafin ka kai na shida za ka ga lanƙwasa tana fitowa kamar bakin kwarya. Masana lissafi suna kiran ta farabola. Idan ka haɗa irin wannan kusurwa huɗu baya da baya, tauraro ne zai fito.

Da'ira kuma ta fi wannan daɗi. Ka zana mai faɗin santimita 8, ka huda kafa 36, ɗaya a kowane digiri 10. Ka haɗa kowace kafa da wadda ke gabanta da taku 10, ka zagaye duka, za ka ga wata da'ira ta buɗe a tsakiya. Idan ka sake zagayawa da wani launi da taku 14, da'irar ciki za ta fi ƙanƙanta, launukan su hau juna. Idan kuma ka sa wa kafofin lamba ka haɗa kowace da ninkinta, 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, idan lamba ta wuce 36 ka cire 36, siffa mai kama da zuciya ce za ta bayyana. A irin wannan aiki sili ɗaya ya fi, domin zare yana haɗuwa da yawa a kowace kafa.

Takarda ta yage tsakanin kafa biyu, ko na huda inda bai kamata ba. Aikin ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Idan yagewa ce, ka zare allura, ka warware taku biyu ko uku, ka juya bayan aikin ka manna ɗan guntun takarda marar kauri da gam kaɗan. Ka bari ya bushe sarai, ka sake huda, ka ci gaba da jan zare a hankali. Zaren da zai bi ta kai yakan rufe tabon. Idan kafa ce ta ɓata, ka kwantar da takardar a kan tebur mai tauri, ka danna kaushin bayan da bayan cokali ko farce ya koma ciki. Ba za ta ɓace ba, amma za ta ƙanƙance. Sau da yawa abin da ya fi shi ne ka shigar da ita cikin zanen, ka sa mata dutsen ado ko ɗan ganye.

Me ya sa takardar ke lanƙwashewa, zare kuma yana tsefewa ko yana ƙullewa?

Lanƙwashewa kusan kullum daga jan zare da ƙarfi take. Zare ya kwanta ne kawai, kada ya ɗaure kamar tsirkiya. Ka ja shi a miƙe ta kafar, kada ka ja shi gefe, domin jan gefe yana yanka takarda kamar yadda zare ke yanka sabulu. Zufar hannu ma tana sa takarda ta yi laushi ta murɗe, saboda haka ka riƙe ta a gefe, ka wanke hannu ka bushe kafin ka zauna. Idan an gama kuma tana ɗan ɗagawa, a sa ta tsakanin farar takarda biyu a ɗora littattafai masu nauyi ta kwana.

Tsefewa kuwa daga gogayya take. Bakin kafar takarda ya fi na yadi kaushi, duk ratsawa ɗaya tana ɗan cin zaren, shi ya sa aka ce a yanka gajere. Ƙullewa tana zuwa ne saboda allura tana juyawa a hannu ba ka sani ba. Bayan kowane taku biyar ko shida, ka saki allurar ta yi lilo, zaren zai warware kansa.

Ana iya yi a kan hoto ko shafin tsohon littafi?

Ana yi. Maurizio Anzeri ɗan Italiya da Julie Cockburn 'yar Birtaniya sun yi suna da ɗinki a kan tsofaffin hotuna. Shawarata ita ce ka sa a buga maka kwafi, kada ka huda hoton asali na iyali wanda babu irinsa. Hoto marar sheƙi ya fi, don mai sheƙi yana riƙe shatin yatsa. Shafin littafi kuwa ba shi da ƙarfi, sai an manna shi a kan kwali ya bushe sarai kafin a huda, kamar yadda aka yi bayani kan nauyin takarda.

Keken ɗinki fa?

Yana yi, kuma yana da sauri. A tsawaita taku zuwa milimita 3 ko 4, a tafi a hankali, kada a yi koma-baya don kulle ɗinki, sai a ja jelar ta baya a manne. Takarda tana dakushe allura, don haka a ware mata tata daban da ta tufafi. Wata dabara mai amfani ita ce a cire zaren gaba ɗaya a bar keken ya huda layuka da tazara madaidaiciya, sannan a ɗinka da hannu.

Yara za su iya?

Sosai, idan babba ya yi hudar. A ba yaro kwali mai kauri da manyan kafofi a nesa da juna, allurar roba, da zaren ulu. Ƙananan duwatsun ado a nisanta su da yaron da har yanzu yake kai abu baki.

Yaya zan rufe bayan aikin, in kuma adana shi ya daɗe?

Idan kati ne, ka yanka kwalin ya ninku uku, ka yi ɗinkin a fuskar tsakiya, ka ninko ɓangare ɗaya ya rufe bayan ka manne. Ko kuma ka yi ɗinkin a ƙaramin kwali daban, ka manna shi a kan katin da salatif mai fuska biyu. Gam mai ruwa-ruwa yana sa takarda ta kumbura, idan za a sa shi a shafa kaɗan a gefe kawai. Katin da za a aika cikin ambulan a ɗora masa wata takarda a fuska, musamman idan yana da duwatsu.

Abin da ake so ya yi shekaru yana buƙatar ƙarin kula. Salatif na yau da kullum yana yin rawaya idan ya tsufa, danƙonsa ya ratso har fuska, don haka a nemi wanda aka rubuta ba shi da asid, takardar ma haka. Idan za a sa a firam, a sa kwali mai taga tsakanin aikin da gilashi, don kada gilashin ya danne zare ko ya tara masa danshi. A rataye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, domin haske yana kashe launin zare da na takarda duka. Ƙura kuwa da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, ruwa ba ya zuwa kusa.